Lasin, Inshora, Sannan Mota: Jagora ga Baƙo Ɗan Indiya a Lardin Ontariyo na Kanada

Matashin da ya taso daga Punjab ko Gujarat ko Kerala ya sauka a filin jirgin Pearson na Toronto ba ya daɗewa tunanin mota bai shige shi ba. Yawancin baƙi 'yan Indiya ba a tsakiyar Toronto suke zama ba, inda jirgin ƙarƙashin ƙasa da taragon titi ke kai mutum ko'ina. A garuruwan kewaye suke yada zango, irin su Brampton da Mississauga, inda gida ke gabas, kwaleji yamma, rumbun kayan da ake aikin dare a cikinsa kuma can bayan gari. A ƙidayar 2021, fiye da rabin mazauna Brampton 'yan asalin kudancin Asiya ne. Wanda ya yi tsayuwar jiran bas a watan Janairu da asuba, iska tana yankar kunne, zai iya sa hannu a kowace takarda aka miƙo masa in dai za ta ba shi makulli.

A wannan gaɓar ake tafka asara. Da yawa sukan fara da zaɓen mota, su biya kafin alƙalami, sannan su waiwayi lasin da inshora, sai su tarar inshorar wata ta kusa kamo kuɗin motar na wata, ko ma ta wuce shi. Tsarin da ya dace a juye yake: takardu tun daga gida, sai lasin, sai farashin inshora, sai lissafin aljihu, mota ce ta ƙarshe. Indiya ba ta cikin ƙasashen da Ontariyo ke musayar lasin da su kai tsaye, Najeriya ma haka, don haka mafi yawan abin da ke cikin wannan jagora zai yi wa baƙon da ya fito daga Kano amfani kamar yadda zai yi wa na Ludhiana. Duk kuɗin da aka ambata a nan dalar Kanada ce.

Abin da ake haɗawa tun kafin a hau jirgi

Batun ɗauko motar gida a jirgin ruwa a ajiye shi gefe. Kanada ba ta karɓar motar da ba a ƙera bisa ƙa'idarta ba sai ta shekara 15, kuma sitiyarin motar Indiya a dama yake. Maruti da Tata da suka cika titunan Delhi ba a sayar da su a can, ba kuma za a sami kayan gyaransu ba.

Abin da ya cancanci wuri a jaka takarda ce. Ta farko ita ce lasin ɗin Indiya na asali, wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Idan ya kusa mutuwa, a sabunta shi kafin tafiya. Ta biyu ita ce takardar tarihin lasin da ofishin sufuri na yanki, wato RTO, ke bayarwa, wadda ake iya nema ta shafin gwamnati na Parivahan. Ita ce ke nuna ranar da aka fara ba mutum lasin da irin abin hawan da aka yarje masa. A tabbatar da Turanci aka rubuta ta, an kuma buga mata hatimi. A kuma zauna a gwada sunan da ke kanta da na fasfo harafi bayan harafi, domin takardun Indiya da yawa sukan taƙaita sunan uba zuwa harafi ɗaya, ko su juya jerin sunaye, kuma ma'aikacin da ke bayan kanta a Kanada ba zai yi wa kowa kara a kan wannan ba. Gyaran da zai ci kwana biyu a gida yana iya cin watanni idan an riga an ƙetare teku. Ta uku ita ce wasiƙa daga kamfanin inshorar da mutum ke hulɗa da shi, mai shaida cewa ya yi shekaru kaza bai nemi diyya ba. Ba kowane kamfani a Ontariyo ke duba ta ba, amma wanda ya duba zai iya rage wani abu.

Matakan lasin

Sabon mazaunin Ontariyo yana da kwana 60 da zai yi tuƙi da lasin ɗin ƙasarsa. Bayan nan sai na lardin, wanda ke da hawa uku: G1, G2 da G. Ana fara komai a cibiyoyin DriveTest, da gwajin ido da jarrabawar rubutu mai tambaya 40, rabi a kan alamomin hanya, rabi a kan dokoki, kuma sai an ci 16 a kowane rabi. Ana iya yin ta da Hindi ko Punjabi. Littafin direba na hukuma, wanda Ma'aikatar Sufuri ta lardin ta wallafa, shi ne abin karantawa, kuma yana nan kyauta a intanet.

Mai G1 ɗan koyo ne. Ba ya tuƙi sai da cikakken direba mai ƙwarewar shekara huɗu a kujerar gefensa, ba ya fita tsakanin ƙarfe 12 na dare da 5 na asuba, ba ya hawa manyan hanyoyi irin su 401. Sabon shiga yakan jira wata 12 kafin jarrabawar hanya ta G2, ko wata 8 idan ya yi kwas a makarantar tuƙi da gwamnati ta amince da ita. A nan takardun gida ke biyan wahalarsu: wanda aka ƙirga masa shekara guda ta tuƙin da ya yi a Indiya yana iya neman jarrabawar G2 ba tare da wannan jiran ba. Gwamnatin lardi ce ke yanke iyakar abin da ake ƙirgawa, takan kuma sake duba shi, don haka a karanta ƙa'idar da ke aiki a shafin DriveTest a makon da za a je. Da G2 mutum zai yi tuƙi shi kaɗai, ya sayi mota, ya yi mata inshora da sunansa.

Ko wanda ya shekara goma yana ratsa cunkoson Mumbai ya biya malamin tuƙi na 'yan awanni. Ba iya sarrafa mota ake gwadawa ba kawai. Ɗabi'a ake dubawa. Mai jarrabawa yana zaune da allonsa yana lura ko direba ya juya kansa ya leƙa gefen da madubi ba ya nunawa kafin ya canja layi, ko tayoyinsa sun tsaya cak a bayan farin layi, ko ya kai gudun sauran motoci kafin ya shiga babbar hanya. Gogaggun direbobi sukan faɗi saboda sun raina waɗannan.

Hannun dama da sabuwar tarbiyyar hanya

Indiya hannun hagu take bi, Kanada hannun dama. A miƙaƙƙiyar hanya mai cike da motoci ba a cika ruɗewa ba, domin kowa na bin na gabansa. Haɗarin yana wurin kwana, musamman kwanar hagu a titin da babu kowa da daddare, lokacin da hannu ke komawa ga tsohon sabonsa. Abin riƙewa ɗaya ne: layin tsakiyar hanya, mai ruwan ɗorawa, kullum yana gefen direba.

Sai mahaɗar da kowane ɓangare ke da jan allon tsayawa. Babu ɗan sanda, babu danja. Mota huɗu sun iso, kowace ta tsaya cak, wadda ta riga isowa ta wuce, sai ta biyu, sai ta uku. In biyu sun iso tare, na hagu ya bar na damansa ya fara. Baƙon da ya saba kutsa hancin mota yana danna hon zai ga abin kamar wasa, amma a kan wannan yarda da juna duk zirga-zirgar unguwa ta tsayu. Hon kuwa a can na gargaɗin haɗari ne, ba na sallama ko neman hanya ba.

Akwai dokoki uku da baƙo ya kamata ya haddace tun ranar farko. Idan motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya, jajayen fitilunta na walƙiya, kowa zai tsaya, na bayanta da na gabanta, sai fa in akwai shinge a tsakiyar hanyar da ya raba mai tahowa da ita. Tarar karon farko daga dala 400 zuwa 2,000 ce. Idan taragon titi na Toronto ya buɗe ƙofa, mota za ta tsaya aƙalla mita biyu kafin ƙofar, domin fasinja a kan kwalta suke sauka. Idan an ji jiniyar motar asibiti ko ta kashe gobara, a raɓa dama a tsaya. Ana iya yin kwanar dama a jar danja bayan an tsaya an duba, in dai babu allon da ya hana. Yaro kuma sai a kujerarsa ta musamman har ya cika shekara 8, ko nauyin kilo 36, ko tsawon santimita 145.

Inshora kafin mota

A Indiya inshora takarda ce da ake sabuntawa sau ɗaya a shekara a manta da ita. A Ontariyo ita ce kan gaba a nauyin da sabon direba zai ɗauka. Doka ta wajabta ta, kuma wanda aka kama ba shi da ita zai biya tara daga dala 5,000 zuwa 25,000 a karon farko. Mafi ƙarancin kariyar diyyar wasu da doka ta yarda da shi dala 200,000 ne, amma yawancin mutane miliyan ɗaya ko biyu suke ɗauka, domin shari'ar rauni mai tsanani tana wuce wancan ƙaramin adadi nesa ba kusa ba, bambancin farashin kuma kaɗan ne. Kariyar gyaran motar mutum kansa idan shi ne da laifi, da ta sata da gobara da ƙanƙara, zaɓi ne, sai dai duk wanda ya ba da bashin mota zai wajabta su.

Kamfani yana yanke farashi ne bisa shekarun direba, daɗewarsa da lasin ɗin lardin, irin motar, nisan da yake yi kullum, da lambar unguwarsa. Saurayi ɗan shekara 22 mai sabon G2 da ke zaune a Brampton ya haɗa kusan duk abin da ke tsadar da inshora, domin garin ya daɗe yana cikin mafi tsada a lardin. Saboda haka, kafin a je kallon kowace mota, a ɗauki sunayen iri uku ko huɗu da ake sha'awa, a nemi farashin inshorar kowace daga kamfanoni da dama. Mota biyu masu kuɗi ɗaya a kasuwa suna iya bambanta sosai a nan. Irin su Honda CR-V, Lexus RX da Toyota Highlander sun yi ta fitowa a jerin waɗanda aka fi sacewa, lamarin da ya yi ƙamari har gwamnatin tarayya ta kira taron ƙasa a kansa a Ottawa a Fabrairun 2024, kuma kamfanoni sukan ɗora musu ƙarin kuɗi ko su nemi a sa musu na'urar bin sawu.

Tsadar tana jefa baƙi cikin ramuka uku. Na farko shi ne ba da adireshin ɗan'uwa da ke wani ƙaramin gari don a sami rangwame. Ranar da hatsari ya faru kamfani zai bincika, in ya gano sai ya ƙi biya, ya soke yarjejeniyar, sunan mutum kuma ya ɓaci a wurin sauran kamfanoni. Na biyu shi ne dillalin bogi da ke tallata inshora mai rahusa a zaurukan WhatsApp da harshen gida, ya karɓi kuɗi ya turo katin da ba shi da tushe. Dillali na gaskiya yana da rajista da hukumar RIBO, kuma ana iya duba sunansa a shafinta. Na uku shi ne yin aikin kai abinci ko ɗaukar fasinja ba tare da an gaya wa kamfani ba. Inshorar motar hawan kai ba ta rufe aikin haya. Hanyoyin rage farashi na halal su ne takardar kammala kwas ɗin tuƙi, tayoyin hunturu waɗanda tun 2016 doka ta sa kamfanoni su yi rangwame a kansu, haɗa inshorar mota da ta ɗakin haya a wuri ɗaya, da yarda a ɗaga kason da mai mota zai fara biya daga aljihunsa, muddin yana da wannan kuɗin a ajiye.

Lakadan ko bashi

Makin bashi na CIBIL da mutum ya gina a Indiya galibi ba ya biyo shi. A Kanada Equifax da TransUnion ke riƙe tarihin biyan bashi, makinsu daga 300 zuwa 900, baƙo kuwa da farar takarda yake farawa. Wanda ba a san shi ba kuɗin ruwansa ya fi yawa. Maganin shi ne a buɗe ƙaramin katin bashi tun watan farko, a riƙa sayen cefane da shi, a biya duka kafin ranar wa'adi.

A gidan sayar da mota akwai ƙaramin ofis da ake kai mai saye bayan an daidaita. Ga shayi, ga ma'aikaci mai fara'a, sau da yawa ɗan gida ne da ke kiran mutum “paaji” ko “bhai”, wato ɗan'uwa. Tambayarsa ɗaya ce: nawa za ka iya biya duk mako biyu? Duk adadin da aka faɗa zai samar da shi, ta hanyar miƙa wa'adin bashin zuwa wata 84 ko 96. Ga misali: bashin dala 25,000 a kan kashi 8 cikin ɗari, in za a biya a wata 48, kusan dala 610 ne a wata, kuɗin ruwan duka kusan 4,300. In aka miƙa shi zuwa wata 84, biyan wata ya sauko kusan 390, kuɗin ruwan kuma ya haura 7,700. A kan wannan ake ƙara garanti na ƙari, maganin tsatsa, inshorar taya, duk a cusa su cikin bashin. Mai saye ya nemi lambobi uku a rubuce: jimillar farashi da haraji, kason kuɗin ruwa na shekara, da abin da zai biya gaba ɗaya zuwa ƙarshe. Kowane ƙari yana da ikon cewa a cire shi.

Akwai kuma lissafin da ya keɓanci baƙo. Izinin aikin da ake ba ɗalibi bayan kammala karatu ba ya wuce shekara uku. Wanda ya ci bashin shekara bakwai da takardar zama ta shekara uku ya ɗaura wa kansa igiyar da ta fi zamansa tsawo, kuma in tafiya ta kama shi zai tarar abin da ake binsa ya fi abin da motar za ta yi a kasuwa. Ɗalibi kuma awa 24 kawai aka yarje masa ya yi aiki a mako a wajen makaranta lokacin karatu, tun Nuwamban 2024, don haka kada ya gina biyan mota a kan awannin da doka ba ta ba shi ba. Haka nan tsaya wa aboki a takardar bashi: in ya gaza, wanda ya tsaya banki zai bi da dukan kuɗin. Ga mafi yawan baƙi, da ma duk mai gudun riba saboda addininsa, tsohuwar mota mai lafiya da aka biya lakadan ta fi kwanciyar hankali.

Inda za a saya

Toyota Corolla, Honda Civic, Mazda3 da Hyundai Elantra sun cika lardin, kowane makanike ya san su, kayansu kuma a wadace suke. Civic ma a garin Alliston na Ontariyo ake ƙera ta. Tsohuwar BMW ko Mercedes da farashinta ya faɗo tana jan ido, tana kuma kyau a hoton da za a tura gida, amma gyaranta da inshorarta na manyan motoci ne har gobe.

Dilan mota mai rajista yana ƙarƙashin hukumar OMVIC. Doka ta tilasta masa ya tallata farashin da ya haɗa komai ban da haraji da kuɗin lamba, ya kuma bayyana tarihin motar a rubuce. In ya ɓoye wasu muhimman abubuwa, kamar cewa motar ta yi aikin tasi ko an taɓa mitar kilomita, mai saye na iya warware ciniki cikin kwana 90, kuma akwai asusun diyya da ke biya har dala 45,000. Sai dai a sani, in ba irin wannan dalili ba, a Ontariyo babu kwanakin sake tunani. Da zarar an sa hannu ciniki ya faɗa.

Saye daga hannun mai ita, ta Kijiji ko Facebook Marketplace ko AutoTrader, yakan fi sauƙi amma babu wannan kariya. A nan dillalan ɓoye ke fakewa, suna sayar da motocin da suka yi hatsari kamar nasu ne na hawa. Alamarsu: lambar waya ɗaya a tallace-tallace da yawa, haɗuwa a filin ajiye motocin kasuwa maimakon ƙofar gida, da sunan da ke kan takardar mallaka wanda bai yi daidai da katin shaidarsu ba. Wanda ya ce a tura masa kafin alƙalami don ya riƙe motar tun ba a gan ta ba, a bar shi. Ba a cinikin biri a sama.

Duba mota da takardunta

A je da rana, a roƙi mai ita kada ya tayar da injin kafin a iso, domin injin mai sanyi shi ke faɗin gaskiya. Da an murɗa makulli, fitilun gargaɗi duka su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne da gangan. A gwada lambar shasi mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takarda. Sannan a durƙusa. Gishirin da ake watsa wa titunan Ontariyo duk hunturu yana cin ƙarfe daga ƙasa, abin da mutumin Jaipur bai taɓa sanin ana dubawa ba. A haska fitilar waya a bakin kaskon taya, a ƙarƙashin ƙofofi, a bututun birki. Jan tsatsa na sama-sama ba komai ba ne. Wanda ya kumbura fenti, ko yake ɓarɓashewa in an danna da yatsa, ya riga ya shiga ƙashi. A ɗaga shimfiɗar but a shinshina ko akwai warin danshi. A hau babbar hanya da ita, a ji ko sitiyari na rawa, ko giya na fizga. Bayan duk wannan a kai ta wurin makaniken da mai saye ya zaɓa da kansa ya ɗaga ta a duba. Mai motar da ya ƙi yarda da haka ya riga ya ba da amsa.

A cinikin hannu da hannu doka ta ɗora wa mai sayarwa ya kawo kundin bayanin mota da ake kira UVIP, na dala 20, wanda ke nuna waɗanda suka mallake ta a lardin da ko akwai bashin da ke rataye a kanta. Bashin yana bin mota ne, ba tsohon mai ita ba, kuma banki na iya zuwa ya ɗauke ta daga ƙofar sabon mai ita. Rahoton Carfax yana ƙara bayanin hatsari da tarihin kilomita. Ana kuma buƙatar takardar shaidar lafiyar mota kafin a sa mata lamba. Kwana 36 take aiki, kuma shaida ce kawai cewa motar ta cika mafi ƙarancin ƙa'ida a ranar da aka duba ta, ba garanti ba ce. Mai saye yana da kwana shida ya yi rajista a ofishin ServiceOntario, da takardar mallaka, da shaidar ciniki, da katin inshora. A can zai biya harajin kashi 13 cikin ɗari, a kan abin da ya biya ko ƙimar motar a littafin hukuma, duk wanda ya fi yawa, don haka rubuta ƙaramin farashi a rasit ba ya tsinana komai. Lambar mota kuma ta mutum ce, ba ta mota ba: mai sayarwa zai kwance tasa ya tafi da ita.

Hunturun farko

Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar tayar yau da kullum takan sandare ta daina kama kwalta. A sa tayoyin hunturu, masu tambarin dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara, duka huɗu, wajen farkon Nuwamba, a cire su a Afrilu. Ontariyo ba ta wajabta su ba kamar lardin Kebek, amma wanda bai taɓa taka birki a kan ƙanƙara ba shi ya fi kowa buƙatarsu. A sa ruwan wanke gilashi mai jure sanyi, domin ruwan famfo daskarewa zai yi ya fasa tulunsa. A sa a auna batir kafin Disamba. A ajiye buroshin share ƙanƙara, ƙaramin shebur, bargo da wayar tayar da batir a but. Kafin a tashi a share rufin mota da fitilu gaba ɗaya, ba ɗan tagar leƙe a gilashi ba. A ninka tazara, a taka komai a hankali, a yi hattara da gadoji don su ke fara daskarewa. Wanda ya maƙale a dusar ƙanƙara ya bar injin a kunne don ɗumi, ya fita ya buɗe bakin salansa, in ba haka ba hayaƙi mai kisa zai dawo cikin mota. A riƙa wanke ƙasan mota saboda gishiri, a kuma san dokar ajiye mota a titi da dare ta garin da ake zaune, don janwe ba ya jira.

Laifin da ke taɓa takardar zama

Ga ɗan ƙasa laifin hanya tara ce da tsadar inshora. Ga baƙo yana iya zama tikitin komawa gida. Tun Disamban 2018 tuƙi cikin maye ya shiga sahun manyan laifuka a dokar shige da fice ta Kanada, kuma hukunci ɗaya na iya sa a kori ɗalibi, ko ma'aikaci, ko ma mai izinin zama na dindindin. Mai G1 ko G2 ba a yarda a sami ko ɗigon barasa a jininsa ba. Wanda ya wuce ƙa'idar gudu da kilomita 40 a titin da iyakarsa ba ta kai 80 ba, ko da 50 a babbar hanya, nan take za a dakatar da lasin ɗinsa kwana 30, a tsare motar kwana 14, tun kafin a je kotu, inda tara ke farawa daga dala 2,000. Riƙe waya a hannu, ko da a jar danja ne, yana jawo wa sabon direba dakatarwar kwana 30 in an same shi da laifi.

In hatsari ya faru, a tsaya; gudu daga wurin babban laifi ne. In akwai rauni a kira 911. A ɗauki hotuna, a yi musayar lasin da katin inshora, a kai rahoto cibiyar rahoton hatsari in ɓarnar ta yi yawa, a sanar da kamfani cikin kwana bakwai. Kada a sa hannu a takardar mai janwe da ba a cike ba. Mai mota ke da ikon zaɓar inda za a kai ta. Sasantawa da kuɗi a bakin hanya, kamar yadda aka saba a gida, tana barin mutum ba shi da madafa idan ɗayan ya waiwayo da ƙarar ciwon wuya bayan wata guda.

Kafin a karɓi makulli, a ɗauki takarda a jera kuɗin wata: biyan mota in akwai, inshora, mai, wurin ajiyewa, da wani abu da za a riƙa warewa don gyara da taya. In jimillar ta taɓa kuɗin haya ko na makaranta, lokaci bai yi ba, kuma babu abin kunya a ƙara wata shida da katin sufuri na PRESTO a bas da jirgin ƙasa na GO, ana hayar mota ranar da buƙata ta taso. Waɗannan watannin ba asara ba ne: lasin yana tsufa, makin bashi yana hawa, ajiya tana ƙaruwa. Laifin hanya yakan bi mutum shekara uku a lissafin inshora, hatsarin da ya jawo kuma har shida, amma kowace shekara mai tsabta tana sauko masa da farashi. Baƙon da ya fara da ƙaramar mota, ya biya komai a kan kari, ya kiyaye takardarsa, nan da shekara uku zai shiga gidan dila da cikakken lasin da suna mai kyau, ya zaɓi motar da yake so a kan sharaɗin da shi ya gindaya.